MUHAMMADU ƊAN MUSA AL-KHAWARIZMI: RAYUWARSA DA LITTATTAFANSA NA LISSAFI

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da malami ya taɓa rubuta masa wani harafi a kan allo, ya ce ya nemo adadin da harafin yake tsaye a madadinsa, to ya ɗanɗani aikin mutumin da wannan babi zai yi bayani a kansa. Haka kuma duk wanda ya san cewa sifirin da ke tsakiyar 205 shi ne ya raba ta da 25, yana cin moriyar tsarin da wannan bawan Allah ya taimaka wajen yaɗawa fiye da shekaru 1,200 da suka shuɗe. Sunansa Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi, ɗaya daga cikin manyan masanan birnin Bagadaza a zamanin daular Abbasiyawa.

A wannan babi za a duba asalinsa da yanayin zamanin da ya rayu, sannan a yi nazarin manyan littattafansa guda huɗu, da yadda suka bi hannun mafassara har suka game duniya. Za a fi tsayawa a kan littafinsa na aljabara, domin a cikinsa ne ake ganin yadda marubuci yake ɗaukar ilimi mai wuya ya shimfiɗa shi da kalmomin yau da kullum, abin da kowane malami mai koyon aikin koyarwa yake bukatar ya lura da shi.

2.0 Asalinsa

An haifi Al-Khawarizmi wajen shekarar 780 Miladiyya, wadda ta yi daidai da wajen 164 bayan Hijira. Laƙabinsa yana nuna ƙasar da danginsa suka fito, wato Khawarizm, wata ƙasa mai dausayi da ke ƙarshen kogin Jaihun, wanda a yau ake kira Amu Dariya, a kudu da tafkin Aral. A taswirar yau yankin ya rabu tsakanin ƙasashen Uzbekistan da Turkmenistan, kuma tsohon birnin Khiba yana cikinsa. Musulunci ya kafu a yankin bayan yaƙin da Ƙutaiba ɗan Muslim ya jagoranta a shekarar 712. Mutanen wurin suna da harshensu, wanda dangin Farisanci ne, amma da Larabci masanansu suke rubutu, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna yi. Daga wannan ƙasa ce kuma Al-Biruni ya fito, wanda aka haifa a shekarar 973.

Wanda ya fi bayar da labarinsa a cikin magabata shi ne Ibn Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, wanda ya kammala kundinsa mai suna Al-Fihrist wajen shekarar 987. Shi ne ya bayyana cewa asalin Al-Khawarizmi daga Khawarizm yake, kuma ya keɓe kansa ga aiki a taskar littattafan Halifa Ma'amun, sannan ya jero sunayen wasu daga cikin wallafe-wallafensa.

Ya kamata ɗalibi ya kiyaye kada ya rikita shi da wasu masana biyu masu suna irin nasa. Na farko shi ne Muhammadu ɗan Musa ɗan Shakir, babba a cikin 'yan'uwa uku da aka sani da Banu Musa, waɗanda suka shahara a kan ilimin awo da ƙere-ƙere a wannan birni da wannan zamani. Na biyu shi ne Muhammadu ɗan Ahmadu Al-Khawarizmi, marubucin Mafatihul Ulum, wanda ya zo a ƙarni na 10.

3.0 Bagadaza a Zamaninsa

Halifa Mansur ne ya kafa birnin Bagadaza a bakin kogin Dijla a shekarar 762. Kafin a yi shekara hamsin birnin ya zama matattarar fatake da malamai da masu sana'a daga Farisa, Sham, Masar, Hindu da sauran sassa. Abubuwa uku ne suka haɗu suka share wa masana irin Al-Khawarizmi fage.

Na farko shi ne samuwar takarda. Sana'ar yin ta daga ƙasar Sin ta taso, ta biyo ta Samarƙand, kuma a ƙarshen ƙarni na 8 aka fara yin ta a Bagadaza. Takarda ta fi fata araha nesa ba kusa ba, saboda haka kwafe littattafai ya yi sauƙi, har aka sami kasuwa sukutum ta masu wannan sana'a.

Na biyu shi ne aikin fassara. Tun a zamanin Mansur, a farkon shekarun 770, wata tawaga daga ƙasar Hindu ta zo da littafin ilimin taurari, aka mayar da shi Larabci, aka san shi da suna Sindhind. A zamanin Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, da ɗansa Ma'amun, wanda ya yi daga 813 zuwa 833, an ci gaba da fassara littattafan Yunanawa irin su littafin Yuklid na ilimin awo da na Batlimus na ilimin taurari. Taskar da ake adana irin waɗannan littattafai a fada ita ce aka sani da Baitul Hikima, kuma a nan ne Al-Khawarizmi ya yi aiki.

Na uku shi ne bukatar jama'a. Daula mai faɗi tana bukatar masu auna gonaki domin haraji, da masu haƙa magudanan ruwa, da ma'aji masu riƙon littafin shiga da fita. Alƙalai suna bukatar raba gado bisa ƙa'idar shari'a, masallatai kuma suna bukatar sanin alƙibla da lokutan salla. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka lissafi yake nema, kuma littattafan Al-Khawarizmi amsa ce ga wannan bukata.

4.0 Littafin Aljabara

Wajen shekarar 820 ya rubuta littafin da ya fi ɗaukaka sunansa, wato Al-Kitabul Mukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala. A gabatarwarsa ya nuna cewa Halifa Ma'amun ne ya ƙarfafa masa guiwa, kuma manufarsa ita ce ya taƙaita wa mutane abin da suke bukata na lissafi a harkar gado, wasiyya, shari'a, ciniki da awon ƙasa.

4.1 Ma'anar Jabru da Muƙabala

A Larabci kalmar jabru tana nufin gyara abin da ya karye ko cike abin da ya tauye, kamar yadda maɗori yake ɗora ƙashi. A lissafi kuwa, idan aka sami ɓangarori biyu da suka yi daidai da juna, amma a ɗaya an ɗebe wani abu, sai a ƙara wannan abin a ɓangarorin biyu, giɓin ya cike. Misali, idan wani adadi da aka ɗebe masa 3 ya zama 7, sai a ƙara 3 a nan a ƙara 3 a can, adadin ya fito 10.

Muƙabala kuwa kalma ce da Bahaushe ya sani, domin yana amfani da ita idan malamai biyu suka fuskanci juna da hujja. A nan ma fuskantar ce: a jera ɓangarorin biyu gaba da gaba, duk abin da aka samu iri ɗaya a kowane ɓangare sai a soke shi. Idan a dama akwai 50 a hagu kuma akwai 29, sai a cire 29 daga kowanne, 21 ta rage a dama. Daga kalmar farko ce aka sami sunan fannin gaba ɗaya, wato aljabara, sunan da harsunan duniya da dama suka ara.

4.2 Kalmomin da Ya Zaɓa

Babu alama ko ɗaya a cikin littafin. Babu harafin da ke tsaye a madadin adadi, babu alamar tarawa ko ta ɗebewa, hatta lambobin ma da kalmomi aka rubuta su. Adadin da ake nema ya kira shi shai'u, wato abu, ko jizru, wato saiwa. Idan aka ninka wannan adadi da kansa, abin da ya fito ya kira shi mal, wato dukiya. Adadi tsura kuma sau da yawa yakan kira shi dirhami, sunan kuɗin da ke aljihun kowa. Ke nan da abu, da saiwa, da dukiya, da kuɗi ya gina fanni sukutum, kalmomin da ko ɗan kasuwar da bai yi zurfin karatu ba zai ji su ba baƙi ba ne a kunnensa.

4.3 Nau'o'i Shida

Babbar dabararsa ita ce ya nuna cewa duk matsalar da ta ƙunshi waɗannan abubuwa uku, komai ruɗaninta, idan aka yi mata jabru da muƙabala za ta koma ɗaya daga cikin siffofi shida:

(a) dukiya ta yi daidai da saiwoyi;
(b) dukiya ta yi daidai da adadi;
(c) saiwoyi su yi daidai da adadi;
(d) dukiya da saiwoyi su yi daidai da adadi;
(e) dukiya da adadi su yi daidai da saiwoyi;
(f) saiwoyi da adadi su yi daidai da dukiya.

Dalilin da ya sa suka kai shida shi ne bai yi aiki da adadin da ke ƙasa da sifiri ba. Ɗalibin yau yana iya tattara su duka a ƙa'ida ɗaya, domin ya yarda a ce adadi ya gaza sifiri, kamar mai bashi. Shi kuwa Al-Khawarizmi dole kowane abu ya tsaya a ɓangaren da zai kasance tabbatacce, don haka kowace siffa ta sami hanyarta.

4.4 Misalin da Ya Shahara

Misalin da ya fi yawo a littattafan da suka biyo baya yana ƙarƙashin siffa ta huɗu. Ana neman adadin da idan aka ninka shi da kansa, aka ƙara masa ninkinsa goma, jimla za ta zama 39. Hanyar da ya bayar ita ce: a raba 10 gida biyu, a sami 5. A ninka 5 da kanta, a sami 25. A tara 25 da 39, a sami 64. A nemi saiwar 64, wato 8. A ɗebe 5 ɗin farko daga 8, sai 3 ta rage, ita ce amsa. Mai shakka ya gwada: 3 sau 3 tara ne, 3 sau 10 talatin ne, tara da talatin kuwa 39.

Bai tsaya ga bayar da matakai ba, sai da ya nuna dalilinsu da zane. A ɗauka akwai fili murabba'i wanda ba a san tsawon gefensa ba. A jingina masa fili mai faɗin 5 a gabas, a jingina wani mai faɗin 5 a kudu, kowanne tsawonsa daidai da gefen murabba'in. Faɗin waɗannan filaye uku a haɗe shi ne 39. Wanda ya zana zai ga an bar giɓi a kusurwar kudu maso gabas, kuma giɓin murabba'i ne mai 5 a kowane gefe, wato 25. Idan aka cike shi, an sami babban murabba'i mai 64, wanda gefensa 8 ne. Tunda 5 daga cikin 8 ɗin ƙari ne da aka jingina, gefen filin asali 3 ne. Wannan hanya ce ake koyarwa a makarantun sakandare da sunan cike murabba'i.

A siffa ta biyar ya lura da wani abu muhimmi, wato matsala ɗaya tana iya samun amsa biyu. Idan dukiya da 21 suka yi daidai da saiwoyi goma, to 3 ta dace, 7 ma ta dace. Ya kuma bayyana yanayin da matsala irin wannan ba ta da amsa sam.

4.5 Ciniki, Awo da Gado

Bayan ƙa'idoji sai ya shiga aiki da su. Akwai ɗan gajeren babi a kan ciniki, inda ake sanin abubuwa uku a nemi na huɗu, kamar a san farashin mudu goma a nemi na mudu huɗu. Akwai babin awo, inda ya nuna yadda ake fitar da faɗin alwatika da da'ira da girman wasu siffofi. A nan ya kawo ƙiyasi uku na dangantakar kewayen da'ira da layin da ya ratsa tsakiyarta: uku da subu'i, da saiwar 10, da kuma 62,832 a raba da 20,000, wanda ya ce masana taurari ne suke aiki da shi.

Babi mafi tsawo, wanda ya kusa cinye rabin littafin, shi ne na wasiyya da gado. Ga wani misali mai sauƙi da za a iya ƙirƙira domin a ga irin matsalar. Mutum ya rasu ya bar awaki 50 da 'ya'ya maza biyu, ya kuma yi wasiyya a bai wa wani wanda ba magaji ba rabin abin da ɗa ɗaya zai samu. Ba za a san wasiyyar ba sai an san kason ɗa, ba kuma za a san kason ɗa ba sai an fitar da wasiyya. Mafita ita ce a kira kason ɗa abu. Abu biyu da rabin abu sun yi daidai da 50, ke nan abu 20 ne. Kowane ɗa ya ɗauki 20, mai wasiyya ya ɗauki 10, wanda bai haura sulusin dukiya ba. Matsalolin da ke cikin littafin sun fi wannan sarƙaƙiya ƙwarai, amma hanyar ita ce dai. Kuskure a irin wannan lissafi haƙƙin maraya yake tauyewa, shi ya sa marubucin ya ba shi wannan fili mai yawa.

4.6 Matsayinsa a Tarihin Fannin

Tun kafin zamaninsa mutanen Babila suna warware matsaloli irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Diyofantus na Iskandariyya ya yi rubutu a kan adadin da ba a sani ba, amma sai bayan Al-Khawarizmi ne Ƙusɗa ɗan Luƙa ya fassara shi zuwa Larabci. Barahmagufta na ƙasar Hindu, a littafinsa na shekarar 628, ya riga ya yi aiki da sifiri da adadin da ke ƙasa da shi. Abin da Al-Khawarizmi ya ƙara shi ne tsari. Ya fara da bayanin kalmomi, ya rarraba matsaloli zuwa nau'o'i, ya ba kowane nau'i ƙa'ida, ya kafa hujja, sannan ya kawo misalai. Da haka aljabara ta zama fanni mai cin gashin kansa wanda za a iya koyarwa daga farko zuwa ƙarshe. Abu Kamil na Masar, wanda ya zo bayansa, ya tabbatar masa da wannan fifiko a lokacin da wani ya yi iƙirarin cewa kakansa Ibn Turk ne ya riga shi. Ibn Khaldun ma a Muƙaddimarsa shi ya ambata a matsayin wanda ya fara rubutu a fannin.

5.0 Littafin Lissafin Hindu

Kafin wannan lokaci hanyoyi biyu ne suka fi yawa a hannun ma'aikata da 'yan kasuwa. Akwai lissafin yatsu, inda ake yin aikin da ka, ana riƙe sakamako ta hanyar lanƙwasa yatsu. Akwai kuma lissafin abajada, inda kowane harafi yake da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, ya 10, ƙaf 100. Wannan tsari ne marubuta waƙoƙin Hausa na ajami suke bi wajen ramzi, inda suke ɓoye shekarar da aka yi waƙa a cikin kalma. Yana da kyau wajen adana adadi, amma ninka manyan lambobi ko raba su da shi aiki ne ja.

Wajen shekarar 825 Al-Khawarizmi ya rubuta littafi yana bayanin hanyar mutanen Hindu. Alamomi tara ne kawai, sai ƙaramar da'ira da ake sawa a gurbin da babu kowa. Darajar kowace alama tana ga gurbin da ta zauna: 7 a gurbin farko bakwai ce, a na biyu saba'in, a na uku ɗari bakwai. Ya bi da mai karatu mataki-mataki ta kan tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da fitar da saiwa. A wancan lokaci a kan allon da aka barbaɗa wa ƙura ake wannan aiki, ana rubutawa ana sharewa. Sai a tsakiyar ƙarni na 10 ne Al-Uƙlidisi ya gyara hanyoyin a Dimashƙa domin su dace da alƙalami da takarda.

Asalin littafin na Larabci ya ɓata. Abin da ya tsira shi ne fassarar Latin da aka yi a ƙarni na 12, wadda akwai kwafinta a ɗakin karatu na Jami'ar Kambirij a Ingila. Mafassaran sun juya sunan marubucin ya koma Algoritmi, daga nan Turawa suka riƙa kiran wannan sabon salon lissafi da sunansa. Da tafiya ta yi tafiya, kalmar ta koma nufin duk wani jerin matakai tabbatattu da ake bi a warware matsala, kuma ita ce algoridim da masu ilimin kwamfuta suke ambata kullum. Ita ma kalmar sifr ta Larabci, mai nufin fanko, ta bazu: Hausa ta mayar da ita sifiri, harsunan Turai kuma suka samo sunan wannan lamba daga gare ta.

6.0 Taurari da Labarin Ƙasa

Littafinsa na ilimin taurari shi ne Zijus Sindhind, tarin jadawali da ke nuna tafiyar rana da wata da taurari biyar da aka sani a lokacin, tare da hanyar lissafin husufi da ganin jinjirin wata. Tushensa ilimin Hindu ne, amma ya gauraya shi da na Farisa da na Batlimus. Maslama Al-Majriɗi, masanin Andalus da ya rasu wajen shekarar 1007, ya sake tsara shi bisa kalandar Hijira, kuma wannan gyararren kwafi ne Adelad na garin Bat ya fassara zuwa Latin a shekarar 1126. Ya kuma yi rubuce-rubuce a kan asɗurlabi, na'urar auna tsayin taurari, da agogon inuwa, da wata maƙala a kan kalandar Yahudawa. Littafinsa na tarihi ya ɓata, sai guntaye da wasu marubuta suka ɗebo daga cikinsa.

A fannin labarin ƙasa ya rubuta Kitabu Suratil Ard, wanda aka kammala wajen shekarar 833. Ya jera wurare 2,402, birane da duwatsu da tekuna da tsibirai da koguna, kowanne da lambobin da ke nuna matsayinsa a doron ƙasa. Ya ɗora ne a kan aikin Batlimus, amma ya gyara masa kurakurai. Batlimus ya ba Bahar Rum tsawon da ya haura digiri 60, shi kuwa ya rage shi zuwa wajen 50, wanda ya fi kusa da gaskiya. Littafin yana da daraja ta musamman ga masu nazarin tarihin Afirka ta Yamma, domin yana cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da suka ambaci tsohuwar daular Gana da birnin Kaukau, wato Gawo ta ƙasar Mali a yau. Kwafi ɗaya tak ya rage na wannan littafi, yana birnin Sitirasbog na Faransa, kuma a cikinsa akwai taswirar kogin Nilu.

Ilimin ƙididdiga a matsayin fanni sai daga ƙarni na 17 ya fara tsayawa da ƙafafunsa a Turai. Duk da haka, tara dubban lambobi a jera su cikin jadawali, da tsarin rubuta adadi mai sauƙin sarrafawa, su ne kayan aikin da fannin ya tarar a shirye.

7.0 Rasuwarsa da Tafiyar Littattafansa

Al-Khawarizmi ya ga zamanin halifofin da suka biyo bayan Ma'amun. Masanin tarihi Ɗabari ya ambaci sunansa a cikin masanan taurarin da aka tara a gaban Halifa Wasiƙ a ciwon ajalinsa a shekarar 847. Ya rasu wajen shekarar 850, yana da kimanin shekara saba'in.

A duniyar Musulmi, Abu Kamil da Al-Karaji da Umar Khayyam sun ɗora gini a kan harsashinsa, har Khayyam ya kai ga matsalolin da adadi yake ninkuwa da kansa sau uku. A Turai kuwa ta ƙasar Sifen littafin aljabara ya shiga. Robat na Cesta ya fassara shi zuwa Latin a garin Segobiya a shekarar 1145, Jerad na Kiremona ma ya yi tasa fassarar a birnin Toledo. Liyonado na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonaci, ya koyi lissafi a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya ta yau, ya kuma fitar da littafinsa a shekarar 1202 yana koya wa 'yan kasuwar Italiya sababbin lambobi. Karɓuwar ba ta zo da sauƙi ba, domin a shekarar 1299 ƙungiyar masu canjin kuɗi ta birnin Fulorans ta hana mambobinta rubuta su a littattafan ajiya. Sai da aka shafe ƙarnoni kafin su kori lambobin Rumawa daga kasuwa. A shekarar 1545, da Kardano ya wallafa babban littafinsa na aljabara, da sunan Muhammadu ɗan Musa ya buɗe shi a matsayin mafarin fannin.

Masu bincike na zamani ma ba su bar shi ba. Firedirik Rozin ya buga matanin Larabci da fassarar Ingilishi a Landan a shekarar 1831, bisa kwafin da ke Okusfod wanda aka rubuta a shekarar 1342. Masani ɗan ƙasar Masar Rushdi Rashid ya fitar da sabon bugu da aka tace daga kwafe-kwafe da dama a shekarar 2007. A shekarar 1983 Tarayyar Sobiyet ta buga kan sarki domin cikarsa shekara 1,200 da haihuwa, kuma akwai wani rami a bayan wata da aka raɗa wa sunansa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Al-Khawarizmi ya tarar da ilimi a warwatse a hannun Hindu da Farisa da Yunanawa, ya tattara shi ya ba shi tsari, ya rubuta shi da harshen da jama'arsa suke karantawa. Malamin da zai shiga aji gobe yana da abin koyi a salonsa. Ya san waɗanda yake rubuta wa da abin da ya dame su. Ya ɗauko kalmomin fanni daga bakin mutane, ya tsayar wa kowace ma'ana ɗaya, bai sauya ta ba har ƙarshen littafi. Ya fara da mai sauƙi kafin mai wuya, kuma bai bar ƙa'ida babu hujja ba. Malamin Hausa da aka ɗora wa aikin fassara littafin lissafi ko samar da kalmomin kimiyya, matsalar da ke gabansa ita ce wadda Al-Khawarizmi ya fuskanta a Bagadaza a lokacin da Larabci bai mallaki kalmomin aljabara ba.

9.0 Tambayoyin Bita

1. Kawo abubuwa uku da suka taimaka wa bunƙasar ilimi a Bagadaza a zamanin Al-Khawarizmi.
2. Yi bayanin ma'anar jabru da muƙabala tare da misali naka na kanka.
3. Bi matakan da aka nuna a 4.4 ka nemo adadin da idan aka ninka shi da kansa, aka ƙara masa ninkinsa shida, zai ba da 40.
4. Mene ne bambancin lissafin abajada da lissafin Hindu?
5. Zaɓi kalmomin lissafi biyar da ake koyarwa a firamare, ka samar musu da takwarorinsu na Hausa, ka kuma faɗi dalilin zaɓinka.